Zaɓen Raɗa a Shagon Taliya

Guangzhou, Afrilu 2008

Zuwa ga Goggo Saude,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mutanen gida gaba ɗaya. Ya ƙafar? An ce mini kin daina zuwa asibiti tun da likita ya hana ki yaji. Don Allah ki koma. Ni lafiya lau nake, sai gumi, don garin nan ko wanka mutum ya yi, kafin ya sa riga ya sake jiƙewa.

Na san za ki ce yau kuma ɗan Idi ya tuna da ke. Da kunnenki na jin waya da tuni na kira, to tunda ba ya ji, ga takarda ta hannun Hajiya Jumai mai leshi.

Goggo, muna cikin wani hali. Saboda wasannin Olamfik da za a yi a Beijing a watan Agusta, an tsaurara komai. An daina sabunta biza, 'yan sanda kuma suna tare mutane a Xiaobei, unguwar da muke kasuwanci, suna duba fasfo. Akwai Harouna, ɗan Maradi, wanda muke ɗaki ɗaya da shi, mai sarin fitilu masu caji. Bizarsa ta ƙare yana jiran kayansa daga masana'anta, aka kama shi a kan gada. Yana da gyambon ciki, abincin da ake ba su a can kuwa ba ya iya ci. Na je ofishin da ake tsare da shi, suka ce mini meyo, wato babu. Ba sa magana da aboki, sai da wakilin da jama'a suka tsayar.

Wakilanmu kuwa alhazai ne guda biyar da suka riga kowa zuwa, muna ce musu manya. Ba wanda ya zaɓe su. Suna zama a can saman benen Tianxiu, shugabansu Alhaji Babayo, maigidana. Shi ya kawo ni ƙasar nan, a kamfaninsa na kago nake aiki, takardar zamana ma a ƙarƙashin kamfaninsa take. Da na kai masa maganar Harouna, ya ce yanzu ba lokacin ɗaga kai ba ne, kuma ai ɗan Nijar ne, su masu Faransanci su ji da nasu.

Ƙananan 'yan kasuwa suka yi ca, har manya suka yarda a zaɓi wakilai uku da za su riƙa zama a ƙasa, abin da suka yanke a kai sama a amince. 'Yan Nijar sun tsayar da Hajiya Fasuma, 'yan Gana sun tsayar da Abdulgani, duk ba hamayya. Saura kujerar 'yan Najeriya, ita ce kuma za ta shugabanci ukun. Alhaji ya tsayar da Maidaji, ƙanin matarsa, wanda ko ruwa ba ya sha sai ya kalli fuskar Alhaji. Aka ce ƙato bayan ƙato za a yi bayan sallar Juma'a. Ni kuma na ba da sunana.

A ɓoye kowa rantse mini yake yana tare da ni. A fili kuwa ba mai haɗa ido da ni, don duk wanda kika gani ko takardar gayyata Alhaji ke yi masa, ko a kwantenarsa kayansa ke tafiya.

Baba ya sha gaya mana cewa mahaifinki, Malam Kallamu, wan kakanmu, talaka ne malamin asibiti, amma aka zaɓe shi ya je Majalisar Wakilai a Kaduna zamanin Turawa, ya kayar da ɗan hakimi. Ke kaɗai kika rage da kika ga abin da idonki. Yaya ya yi? Ki gaya mini don Allah.

Ɗanki,
Munkaila

Fagge, Kano, Mayu 2008

Munkaila,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke. Ƙafa tana nan inda Allah ya ajiye ta, likita kuma ya je ya hana uwarsa yaji.

Na karanta takardarka. Ashe kana da rai. Rabon da in ga rubutunka tun kana aji uku kana juya mini harafi baya, yanzu ma bai gyaru can-can ba. Yaron nan Harouna ya tsaya mini a rai, Allah ya fitar da shi.

Jumai ta zo mini a tsaitsaye, wai yau za ta koma, direbanta yana ƙofar gida yana ta danna mini hon kamar ni ce zan hau jirgin. Saboda haka ga magana a taƙaice. Kada ka nemi kowa ya tsaya a bayanka. Mutanen nan abincinsu a hannun Alhajinka yake, in ka jera su a rana ka cuce su. Kakanka ranar zaɓensa ko mutum ɗaya bai raka shi ba. Sauran bayani sai na samu zama.

Ga yaji nan a leda, na daddawa ne, kada ka ba kowa.

Goggonka,
Saude

Guangzhou, ƙarshen Mayu 2008

Goggo,

Sallama da gaisuwa. Yaji ya iso, na gode, Allah ya ƙara lafiya. Ni ma ina nan ƙalau, a jiki dai.

Na ji abin da kika ce, na kuma bi. Na janye sunana. Dama kafin takardarki ta zo Alhaji ya kira ni ofis, ya sa aka kawo mini shayi, abin da bai taɓa yi ba. Bai yi maganar zaɓe ba ko kaɗan. Tambayata kawai ya yi ko na tuna watan da takardar zamana za ta ƙare. Na ce na tuna. Ya ce madalla, shi ma ya tuna.

Duk da haka ban karaya ba sai da na karanta rubutunki. Ba zan ɓoye miki ba, Goggo, na ji ciwo. Na ɗauka ko duk duniya za ta ce in zauna, 'yar Malam Kallamu za ta ce in miƙe. Amma kin ce in na jera mutane na cuce su, kuma gaskiya ne. Kin ce kaka ma ba wanda ya raka shi, na gane ke nan labarin da ake ba mu muna yara an ƙara masa gishiri, wataƙila Turawa ne suka ga dama suka ɗauke shi.

Na kai wa Harouna kunun gyaɗa da Hajiya Fasuma ta dama masa, suka dawo mini da shi a ƙofa. Wani da aka sako ya ce ya gan shi, ya rame ƙwarai, ba ya iya miƙewa sallah sai a zaune. Gadonsa yana nan a ɗakinmu yadda ya bar shi, kullum na shigo sai na kawar da kai.

Hajiya Jumai an hana ta biza wannan karon, haka ma yawancin masu zuwa saro. Zan sa wannan a kwalin takalma da za mu tura ta kago, ban san ranar da za ta same ki ba.

Munkaila

Guangzhou, Yuni 2008

Goggo,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. In abin da na rubuta a takardar baya ya ɓata miki rai, ki yi haƙuri. Kwalin takalman bai tashi ba har yau, don haka zan haɗa wannan da waccan.

Bari in ba ki dariya, ko da yake ni ban yi ba a lokacin. Tunda na janye, Maidaji ba shi da abokin takara, amma Alhaji ya ce sai an yi layin, a ɗauki hoto, hukuma ta ga yawan jama'arsa. Bayan an sauko Juma'a aka tsayar da Maidaji a bakin titi. Don kada a ɗauka tarzoma ce, Alhaji ya sa aka ba shi 'yar tuta mai zobban Olamfik ya riƙe sama. Mutane suka fara jeruwa, layi ya miƙe har ya sha kwana.

To su mutanen garin nan, in suka ga dogon layi ba sa tambaya, shiga suke yi. Ga kuma tuta. Sai suka ɗauka tikitin kallon wasa ake rabawa. Wata tsohuwa mai kwandon kabeji ce ta fara, sai masu gadi, sai 'yan mata masu shago, sai wani da ya jingine kekensa ya shigo tsakanin Alhaji Babayo da limaminmu. Mai ƙirga yana ta ƙirga har da su. Da tsohuwar ta iso gaba ta miƙa wa Maidaji hannu, shi kuma bawan Allah ya ɗauka murna take taya shi, ya kama hannun yana shiyeshiye, wato na gode. Nan ta fara zazzaga masa masifa da yarensu, sauran suka taya ta.

'Yan sanda suka zo suka watsa kowa. Ba a kama mutum ba, amma an ja mana kunne cewa kada a sake tara mutane har a gama wasanni. Ƙananan 'yan kasuwa kuma suka ce zaɓen da aka ƙirga mai kabeji a ciki ba zaɓe ba ne. Yanzu ba wakili, ba hanyar zaɓen wakili. Wasu sun ce a rubuta a takarda, amma akawun Alhaji ya san rubutun kowa, kuma a kwanakin nan ba mai son a ga takarda da sunaye a hannunsa.

Harouna yana ciki har yanzu. Ki sa shi a addu'a.

Munkaila

Fagge, Kano, Yuli 2008

Munkaila ɗan Idi,

Salamu alaikum. Lafiyata ƙalau, ban da hawan jinin da ka jawo mini. Takardunka biyu sun zo tare, suna warin roba.

Kai yanzu don Allah a ina na ce ka janye? Ɗauko takardar ka sake karantawa. Na ce kada ka jera mutane, ban ce ka koma gida ka kwanta ba. Har da cewa Turawa ne suka ɗauki ubana? Da kana kusa da sai na ja kunnen nan naka, gemu ko ba gemu. Laifina ɗaya, na biye wa hon ɗin direban Jumai. To yau ba mai yi mini hon, zauna ka ji.

Lokacin ina 'yar makaranta, ina da wayona sarai. Zaɓen hawa-hawa ake yi, ƙauye ya fitar da mutanensa, su taru a gunduma su fitar da nasu, su kuma su je lardi. A gunduma ne Baba ya haɗu da ɗan hakimi. Masu zaɓen duk dagatai ne da masu unguwa da 'yan kasuwa, ba wanda zai iya ɗaga hannu hakimi yana kallo. Da yawansu kuma Baba ya wanke musu gyambo ko ya yi wa 'ya'yansu allura. Sai ya je ya samu Baturen gunduma ya roƙa a yi zaɓen da raɗa. Kowa ya shiga ɗaki shi kaɗai, ya sunkuya ya raɗa sunan wanda yake so, ya fita ta ɗaya ƙofar. Hakimi bai ƙi ba, don duk sun riga sun rantse masa.

Baba ya bi mutanensa ɗaya bayan ɗaya ya ce musu kada wanda ya gaishe shi a hanya. Su je gidan ɗan hakimi, su ci goronsa, su raka shi har ƙofa. Ranar zaɓe ina leƙe ta zaure na ga ayarin ɗan hakimi ya wuce da kiɗa, can sai ga Baba ya fito shi kaɗai yana tura kekensa. Inna ta shiga ɗaki tana kuka. Da la'asar sai ga mutanen da suka raka ɗan hakimi sun cika mana ƙofar gida, kowa yana cewa shi ma abin ya ba shi mamaki. Daga nan ya wuce lardi, ya wuce Kaduna. Abin da nake nufi ke nan da ba wanda ya raka shi.

Can ma irin taku ce. Majalisar sarakuna tana sama, ta wakilai tana ƙasa, Gwamna yana saman kowa. Ranar farko Baba ya tuɓe takalmi a ƙofar zaure ya shiga da ƙafa, sai da masinja ya biyo shi da su. Ya ce mana daga ranar ya gane abu ɗaya. In ya haɗu da hakimi a waje zai durƙusa ya gaishe shi, don talakansa ne. In ya shiga ciki kuwa kujera zai hau, don ba Kallamu ne ke zaune ba, mutanen da suka raɗa sunansa ne. Maganarsa ɗaya ce, a daina kwashe manoma aikin hanya da damina. Aka yi watsi da ita. Zama na gaba ya sake kawowa, na gaba ma haka, har suka laƙaba masa Malam Damina. A ƙarshe dai aka daina a gundumarmu.

Ka ce an hana ku taruwa. To raɗa ba ta bukatar taro. Abu ɗaya Baba ya ce bai so ba, kunnen da aka raɗa wa na Bature ne, shi ma yana da wanda yake so. Kai ka nemi kunnen da ba ya cin abincin kowa a cikinku.

Maganar takardar zamanka, ba zan ce maka babu haɗari ba. Akwai. Amma yaron mutane yana sallah a zaune, kai kana kawar da kai daga gadonsa. In an koro ka, ɗakin zaure yana nan.

Da na rasa mai tafiya, na ɗauki sandata na shiga Kantin Kwari shago-shago, har na samu wani ɗan China mai atamfa da zai je gida kallon wasan nan naku, ta garinku zai bi. Yaransa na ce masa Mista Li. Ba ya jin Hausa sosai, ni ba na jin komai, muka daidaita. In ya kawo maka, ka ba shi ruwa ya sha.

Goggonka,
Saude

Guangzhou, Satumba 2008

Goggo,

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa. Ina fata azumi yana zuwa da sauƙi. Kafin komai, ki dubi wanda ya miƙo miki wannan takarda. Harouna ne. Ki ba shi kunu mai ɗumi, ban da yaji, sannan ki karanta.

Mista Li ya kawo saƙo har ofis. Na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune, kunya ta rufe ni. Ki yafe mini abin da na faɗa a kan kaka.

Na mayar da sunana, na kai shawarar raɗa gaban manya. Alhaji ya yi dariya ya ce a yi, don hukuma ta matsa a kawo wakili, taro ya haramta, kuma kowa ya riga ya rantse masa. Kunnen da muka samu shi ne Lao Ma, wani dattijo Musulmi ɗan ƙasar nan mai shagon taliya a bayan Tianxiu. Ba ya tura kaya, ba ya neman biza, bai san wanda ya fi wani a cikinmu ba, in dai ka biya taliyarka kai lawban ne, wato maigida. Ya ajiye tukwane biyu a ƙarƙashin teburinsa. Mutum ya zo kamar mai sayen abinci, ya sunkuya ya raɗa masa suna, shi kuma ya jefa tsinken cin abinci ɗaya a tukunyar mai sunan. Limaminmu, mutumin Agadas, ya zauna a bakin ƙofa yana lura kada wani ya zo sau biyu. Ɗan sanda ya leƙo ya ga baƙi suna cin taliya, ya wuce abinsa.

Na yi yadda kaka ya yi. Na ce kowa ya bi Maidaji, ya sha lemonsa. Wallahi Goggo, ko da ni na tsara abin, sai da zuciyata ta yi rauni. Ina zaune ni kaɗai, mutanen da muka ci abinci kwano ɗaya suna wuce ni kamar ba su taɓa ganina ba. Na tuna Innarki da kukanta.

Ranar da aka rufe wasanni aka buɗe tukwane a gaban manya. Tsinken Maidaji liman ya riƙe su a hannu ɗaya. Nawa kuwa da aka juye sai da suka cika tebur suna zubowa ƙasa. Alhaji ya bi fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa ya buɗe baki yana salati, har wanda ya fi kowa zuga ni. Lao Ma ya kwashe tsinkensa ya tafi wankewa.

Muka yi zaman farko a shagon Hajiya Fasuma a hawan ƙasa, a kan kujerun roba, tsakanin dilolin mayafai. Ba mu daɗe ba muka yanke cewa mu ukun za mu je a kan Harouna da duk wanda ke tsare, ko ɗan wace ƙasa ne. Muka hau sama neman amincewa. A ƙofa na durƙusa na gaida Alhaji yadda na saba. Sannan na miƙe na ja kujera na zauna. Alhaji ya dube ni.

Ya ce, "Munkaila, ka manta wanda ya kawo ka ƙasar nan?"

Na ce, "Ban manta ba, Alhaji, shi ya sa na gaishe ka a ƙofa. Amma wanda ke kan kujerar nan ba kai ka kawo shi ba."

Sannan na faɗi abin da muka yanke. Suka ƙi amincewa. Washegari bayan la'asar muka koma, na durƙusa, na hau kujera, na maimaita. Haka muka yi ta yi kullum, har masu lif suka san mu. Hajiya Fasuma takan zo da kwanon kunun da aka dawo da shi ta ajiye a kan teburin Alhaji. Biyu daga cikin manya suka fara sunkuyar da kai, sannan na uku. Ranar da Alhaji ya ga saura shi da mutum ɗaya, ya ce mu je, Allah ya ba da sa'a, har ya haɗa mu da tafintansa.

Wannan karon ba a ce mana meyo ba. Aka ba mu wuri muka zauna, muka yi bayani. Suka kai Harouna asibiti, daga baya suka sake shi da sharaɗin ya bar ƙasar, shi da wasu da ke tsare tare da shi. Jama'a suka haɗa musu tikiti. Da ya fito na rungume shi, sai na ji ƙasusuwa kawai a cikin riga. Na yi kuka a gaban mutane, ban damu ba. Kayansa kuma sun fito daga masana'anta, Maidaji da kansa ya sa su a kwantena.

Takardar zamana an sabunta. Yanzu duk baƙon da ya zo ofis sai Alhaji ya nuna ni ya ce ai shugaban wakilai yaronsa ne, shi ya rene shi. Ni kuma sai in ce haka ne.

Jirgin Harouna a Kano zai sauka kafin ya kama hanyar Maradi. Ya ce ba zai wuce ba sai ya ga tsohuwar da ta fitar da shi.

Ɗanki,
Munkaila

Fagge, Kano, bayan ƙaramar sallah 2008

Munkaila,

Wa alaikumus salam, barka da sallah. Muna lafiya. Na koma asibiti, kada ka ɗauka don kai ne.

Baƙonka ya zo. Na ce ba inda za shi da wannan wuyan kamar na zakara, na riƙe shi sai da ya yi sallah a nan. Ranar idi a tsaye ya yi sallarsa, ya dawo ya cinye tuwo malmala biyu. Ya yi ta yi mini godiya, rabi Hausa rabi Faransanci, na ce ya bari, ni takarda kawai na rubuta, ita ma sai da na rubuta sau biyu kafin wani ya gane. Yayansa ya zo daga Maradi ya tafi da shi.

Na karanta wa Baba takardarka a zuciyata, wurin kujerar nan har sau uku. Na yi kuka, na yi dariya, 'yan gida suka ɗauka tsufa ne ya taɓa ni.

Akwai jar hular dara da Baba ya riƙa sawa in zai shiga majalisa. Da zai rasu ya ce in ajiye ta, in ba duk wanda mutane suka zaɓa a zuriyarmu, ko da shugaban masu shara ne. Ɗana na cikina ya yi kansila zamanin soja, ya zo ya nema, na ce naɗa ka aka yi, tashi ka ba ni wuri. Har yau yana jin haushina. Na ɗauka da ni za a rufe maganarta.

Mista Li ya dawo, zai sake tafiya saro, yanzu har gaishe ni yake da Hausa. Na naɗe ta a tsohon zanena na ba shi. Asu ya ɗan taɓa ta a gefe, kada ka kai wa kowa gyara. In za ka hau wurin Alhajinka, ka cire ta a ƙofa ka gaishe shi, in ka hau kujera ka mayar.

Na san kanka ƙarami ne irin na Idi. In ta yi maka yawa ka naɗe takarda ka sa a ciki, kakanka ma haka ya yi.

Goggonka,
Saude